Wane tsohon lensin Rasha ya kamata in fara da shi a kyamarar dijital?

Ɗalibin Hoto:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa masu sana'ar hoto. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya daɗe yana cin raina, wanda na riga na yi kuskure ɗaya a kansa, kuma ba na son in ƙara na biyu.

Ina da kyamarar Fujifilm marar madubi mai ƙaramar sensa irin ta APS-C, sannan akwai wata tsohuwar Nikon mai madubi da nake ajiye da ita tun kafin in sayi wannan. Yawancin abin da nake ɗauka hotunan mutane ne daga ƙirji zuwa sama, sai furanni da ganyaye idan na samu sarari, wani lokacin kuma ɗan gajeren bidiyo. Watanni kaɗan da suka wuce na ga wasu hotuna da aka ɗauka da lensin Helios-44, inda bayan mutumin ya dushe yana juyawa kamar guguwa ta kewaye shi, kuma tun daga ranar sha'awar tsofaffin lensin Rasha masu fokas da hannu ta shiga raina.

Sai na sayi wani Helios-44 mai launin azurfa ta intanet. Mai sayarwar ya rubuta cewa bakinsa M39 ne, don haka na nemi adafta, wato mahaɗin da ke shiga tsakanin lensi da kyamara, wadda aka rubuta mata M39 zuwa Fuji X, bakin kyamarata. Lensin ya murɗu a cikinta lafiya lau, gilashinsa ma garau yake a idona, amma duk yadda na juya zoben fokas babu abin da ke fitowa, kusa da nesa duk hazo ne. Na rubuta wa mai sayarwar sau biyu bai amsa ba. Shin lensin ne ya lalace, ko ni ne ban san kan abin ba? Idan na same shi ya yi aiki, zai hau Nikon ɗin ma? Bayan haka, ina jin sunayen Jupiter-9 da Jupiter-37A da Mir-1 da Industar-61, kowa da wanda yake yabawa, ni kuwa ƙarfina bai wuce in ƙara guda ɗaya ba a yanzu. Wanne ya fi dacewa da irin aikina, kuma me zan duba kafin in biya? Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Mai Hoto:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kwantar da hankalinka, a bisa abin da ka bayyana lensinka bai lalace ba, adaftar ce ba tasa ba, kuma mutane da yawa sun faɗa wannan ramin kafin kai, saboda suna ɗaya aka ba abubuwa biyu mabambanta.

Kowane lensi an ƙera shi ne don ya zauna a wata ƙayyadaddiyar tazara daga fim, ko daga sensa a zamanin yau. Bakin murɗawa mai faɗin milimita 39 ya zo a kyamarori iri biyu a Tarayyar Sobiyet. Akwai na kyamarorin FED da Zorki, waɗanda suka kwaikwayi Leica, kuma tazararsu milimita 28.8 ce, wannan shi ne wanda masu yin adafta ke nufi idan sun rubuta M39 ko L39. Sannan akwai na kyamarorin Zenit na farko masu madubi, waɗanda faɗin bakinsu ɗaya ne da wancan, amma tazararsu milimita 45.2 ce, domin dole a bar wa madubi wurin da zai ɗaga. Helios-44 mai launin azurfa na Zenit ne. Da ka ɗaura shi a adaftar Leica, ka kusanto da shi ga sensa da fiye da milimita 16, ka ga kuwa babu juyin zoben da zai rufe wannan giɓin. Maganin ɗan siririn zobe ne mai mayar da M39 zuwa M42, wato bakin murɗawa mai faɗin milimita 42, ka murɗa shi a bayan lensin, sannan ka sa adaftar M42 zuwa Fuji X. Tazarar M42 milimita 45.46 ce, wato ta ɗara ta lensinka da kusan rubu'in milimita, don haka mai yiwuwa abu mai nisa sosai ya ɗan gaza kaifi idan ƙofar haske, wato ramin cikin lensi da ake buɗewa ko tsukewa, a buɗe take gaba ɗaya. Ga mai ɗaukar fuskokin mutane wannan ba abin damuwa ba ne, kuma idan ka tsuke ƙofar zuwa f/8 (lambar f tana ƙaruwa, ƙofar tana ƙanƙancewa) ba za ka lura da shi ba.

Game da Nikon mai madubi, a nan labarin ba shi da daɗi. Tazarar bakin Nikon F milimita 46.5 ce, ta fi ta M42 tsawo da kusan milimita ɗaya, kuma ba a iya rage jikin kyamara. Idan ka sa adafta marar gilashi, lensi mai milimita 58 ba zai kama abin da ya wuce kusan mita 3 ba, mai milimita 135 kuwa ba zai wuce wajen mita 17 ba. Akwai adafta mai gilashi a ciki da ke dawo da nesa, amma wannan ƙarin gilashin yana cinye kaifin hoton, musamman a f/2, wato daidai wurin da kake son lensin. Masu Canon EF sun fi sa'a da tazararsu ta milimita 44, masu Pentax K kuma tasu daidai take da M42. Kai kuwa da kyamara marar madubi, wadda tazararta milimita 17.7 ce kawai, kusan babu lensin Sobiyet da ba za ka iya ɗaurawa ba. Ka tuna ka shiga saitin kyamarar ka ba ta izinin ɗaukar hoto ba tare da lensi ba, domin adaftar ba ta da wayoyin sadarwa, kyamarar za ta ɗauka babu komai a gabanta. Ka bar ta a kan A, kai ka zaɓi ƙofar haske a jikin lensi, ita ta zaɓi saurin ɗauka.

Bari in ƙara maka da asalin waɗannan lensi, domin sanin asalinsu yana taimakawa wajen zaɓe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a shekarun 1945 da 1946, Tarayyar Sobiyet ta kwashi injuna da zane-zane da gilashi daga masana'antun Carl Zeiss na Jamus a matsayin diyyar yaƙi. Shi ya sa yawancin sunayen da kake ji suna da kakanni a Jamus. Helios-44 jikan lensin Biotar na Zeiss ne mai milimita 58 da f/2, gilasai shida a rukuni huɗu. Dangin Jupiter, wato 3 da 8 da 9 da 11, sun fito ne daga Sonnar na Ludwig Bertele, kuma halinsu shi ne laushi da daɗin kallo a bayan hoto. Industar kuwa tsarin Tessar ne da Paul Rudolph ya fito da shi a 1902, gilasai huɗu kacal, kaifi a tsakiya ba tare da wani ado ba. Muna cewa lensin Rasha ne don sauƙin magana, amma ba duka aka yi a Rasha ba: a cikin masana'antun, KMZ tana Krasnogorsk kusa da Mosko, LZOS tana Lytkarino, KOMZ tana Kazan, amma BelOMO a Minsk take ta Belarus, Arsenal a Kiev, FED kuma a Kharkiv, dukansu biyu a Yukiren.

Shawarata ita ce kada ka sayi komai tukuna. Wanda ke hannunka, idan na farkon ne mai ganyayyakin ƙofa 13, wato siraran ƙarafan da ke buɗe ƙofar haske da tsuke ta, ya fi wanda yawancin mutane ke nema. Ka yi wata guda da shi kaɗai, hannunka ya saba da fokas, sannan aikinka zai gaya maka abin da ya rage maka.

Mai Hoton Furanni:

Baba ya gama magana a kan adafta, ba ni da abin ƙarawa a wurin. Amma ƙanena, akwai abin da ya kamata ka sani tun yanzu don kada ranka ya ɓaci ranar da zoben ya iso, domin ni ma da ƙaramar sensa nake aiki, kuma na sha mamaki a kwanakin farko.

Wannan juyawar da ta burge ka ba a tsakiyar hoto take faruwa ba, a gefuna take. Hasken da ke shigowa ta gefe jikin lensin yana datse wani ɓangarensa, sai ɗigon hasken da ya kamata ya zama da'ira ya koma kamar ƙwayar idon kyanwa, kuma waɗannan ɗigogin suna jeruwa suna kewaye tsakiya, shi ne ido ke gani kamar guguwa. An ƙera lensin ne don fim mai milimita 36 da 24, sensar APS-C kuwa tsakiyar kawai take ɗauka, ta zubar da gefunan da juyawar ta fi ƙarfi. Za ka samu juyawar, amma ba kamar yadda ka gani a hotunan da aka ɗauka da babbar sensa ba. Haka kuma milimita 58 a kyamararka zai ba ka faɗin gani irin na milimita 87, wanda alheri ne ga hoton fuska, amma ya yi ƙunci ga ɗaki ko taron mutane. Idan juyawar ce muradinka, akwai adafta mai gilashin tattara haske da ke rage tsawon lensi da kashi 0.71, tana dawo da mafi yawan gefunan cikin sensa, tana kuma ƙara haske da mataki ɗaya, wato ta ninka shi. Tana da tsada fiye da lensin kansa a lokuta da dama, kuma mai arha daga cikinsu tana ɓata kusurwoyi.

Ko da babbar sensa ma juyawar ba ta zuwa da kanta. Sai ka buɗe ƙofa a f/2, mutumin ya tsaya kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga gare ka, a bayansa da tazarar mita da dama a samu bishiya wadda haske ke ratsa ganyenta. Idan bango ne sumul a baya, Helios ba ya bambanta da kowane lensi. Kuma zan faɗi gaskiyata, bayan wata biyu zuwa uku juyawar ta fara gundurata, domin tana janye ido daga fuskar da aka zo ɗauka.

Lensin da ya zauna a jakata har yau shi ne Jupiter-37A, milimita 135 da f/3.5, ƙirar Kazan. Ba shi da sunan Helios, amma shi ne wanda ban taɓa neman uzuri a kansa ba: yana da kaifi tun daga f/3.5, ganyayyakin ƙofarsa 12 ne, don haka ɗigon haske yana zama da'ira ko an tsuke shi, kuma zoben ƙofar ba ya ƙas-ƙas, yana tafiya sumul, abin da masu bidiyo ke so. Yana kama abu daga mita 1.2. Aibinsa biyu ne. Na farko, a sensarmu yana zama kamar milimita 200, sai ka ja da baya sosai, kuma hannu yana rawa, don haka nake ƙin sauka ƙasa da 1/250 na daƙiƙa idan ba a kan ƙafa uku nake ba. Na biyu, idan rana tana gabansa hoton yana wankewa ya yi fari-fari, dole ne ka sa masa hularsa mai tare hasken gefe.

Tunda ka ambaci furanni, kada ka raina Industar-61 L/Z, milimita 50 da f/2.8. Yana matsowa har santimita 30, gilashinsa na gaba yana can ciki kamar a rijiya, don haka ba ya buƙatar hula, kuma tsakanin f/5.6 da f/8 ƙofarsa tana yin siffar tauraro mai tsini shida, sai ɗigon haske a baya su zama taurari. Wasu suna so, wasu ba sa so. Ka lura da haruffan ƙarshe: L/Z na M42 ne, L/D kuwa na kyamarar FED ne, ba ya matsowa ƙasa da mita ɗaya. Shi L/D ɗin ne zai hau adaftar da ka riga ka saya.

Ɗalibin Hoto:

Baba, Allah Ya ƙara girma, wallahi ka sauke mini nauyi, har na fara tunanin jefa lensin a aljihun tebur. Na ƙirga ganyayyakin a gaban fitila, 13 ne kamar yadda ka ce, kuma akwai tambari mai kama da dala da aka yanke kanta, da kibiya ta ratsa ta. Na riga na nemi zoben.

Yaya, na gode da wannan gaskiyar, da ban ji ta ba da na zargi lensin a karo na biyu. Amma milimita 135 yana ba ni tsoro, domin yawancin hotunana a cikin ɗaki nake ɗauka. Shin Jupiter-9 mai milimita 85 bai fi dacewa ba? Sannan na lura akwai ɗan maiƙo a kan ganyayyakin ƙofar Helios ɗin, kuma zoben fokas yana da ɗan tauri. Wannan matsala ce?

Mai Gyaran Kyamara:

Malam, tambaya ta ƙarshe ta shigo fagena, don haka bari in sa baki. Na buɗe waɗannan lensi da yawa, kuma abin da na koya shi ne sunan da ke rubuce a gaba rabin labari ne kawai. An ƙera Helios-44 da ire-irensa miliyoyi, a masana'antu daban-daban, cikin shekaru fiye da talatin, kuma tsananin binciken inganci bai zama ɗaya ba a kowane lokaci. Ƙari a kan haka, kowane ɗaya ya yi gomman shekaru a hannun mutane, wani an adana shi, wani an buɗe shi an mayar da gilashi a juye ko an yar da siraran zobban da ke daidaita tazara. Saboda haka za ka iya samun lensi biyu masu suna ɗaya, ɗaya kamar reza, ɗaya kamar an shafa masa man shanu. Tambarin da ka kwatanta na KMZ ne, kuma nasu sun fi samun yabo, amma na ga na masana'antar Valdai da ya fi wani na KMZ, don haka ban yarda a sayi tambari a bar duba lensi ba. A yawancin ƙirar KMZ da LZOS lambobi biyu na farko a lambar jiki suna nuna shekarar ƙira, amma wannan ƙa'idar ba ta aiki a kan kowace masana'anta.

Maiƙon da ka gani ba abin tashin hankali ba ne a irin naka. Lensinka mai zobba biyu ne, ɗaya kana tsayar da iyakar da kake so, ɗayan kana juya shi da hannu ya buɗe ko ya tsuke zuwa wannan iyakar, kuma tunda hannunka ne ke tura ganyayyakin, ɗan maiƙo ba ya hana su tafiya. Inda maiƙo ke zama ciwo shi ne a lensi waɗanda ƙofarsu ke tsukewa da kanta lokacin ɗauka, irin su Helios-44M da waɗanda suka biyo shi, domin siririn sifirin ne ke ja, maiƙo kuwa yana riƙe shi. Sai dai idan maiƙon ya yi yawa, zafi yana sa ya tashi ya kwanta a kan gilashin ciki ya zama hazo, don haka kada ka bar shi a rana ko a cikin mota. Taurin fokas kuwa tsohon giris ne ya bushe. Ana wanke shi a sa sabo, aiki ne na awa ɗaya ga wanda ya iya. Abin da nake roƙo shi ne kada ka ɗiga masa man inji ta gefe, domin zai gangara har kan gilashi, kuma kada ka warware zaren fokas ba tare da ka yi alamar inda ya rabu ba, saboda yana da mashiga fiye da ɗaya, idan ka kuskure ta, fokas ba zai koma daidai ba.

Tunda na ambaci 44M, ga wani abin da ke kama sababbin shiga. 44M yana da ɗan maɓalli na A da M a gefe, ka sa shi a M ka tsuke ƙofa yadda kake so. 44M-4 da na bayansa ba su da maɓallin, sai ɗan fil a baya wanda kyamarar fim ke dannawa lokacin ɗauka. Idan adaftarka ba ta da leɓe a ciki da zai danne wannan fil, ƙofar za ta zauna a buɗe ko me ka juya. Su waɗannan na baya ganyayyakinsu shida ne, Helios-44-2 kuma takwas.

Idan za ka sayi wani, ka nemi a haska fitilar waya ta bayansa a ɗauko maka hoto ta gaba, ƙofa a buɗe. Ƙura kaɗan ba ta komai, 'yan ƙananan kumfa a cikin tsohon gilashi ma ba sa komai, haka aka narka shi. Ƙarzuwa ɗaya ko biyu a gilashin gaba da wuya ta bayyana a hoto, amma a gilashin baya ta fi illa. Abin gudu shi ne hazo, da fumfuna mai kama da saƙar gizo-gizo, da kuma gilashin gaba da aka goge shi da ƙyalle har ya cika da ƙananan zane kamar an bi shi da yashi, abin da ke yawan samun tsofaffin masu launin azurfa saboda shafin gilashinsu yana da laushi. Irin wannan ba shi da gyara, kuma shi ne ke kashe bambancin haske da duhu. Ka duba ƙananan sukurorin jiki, idan kawunansu sun cinye, wani ya riga ka shiga ciki. Kuma ka tambaya ko za a karɓa idan ka mayar, wanda ya ƙi wannan sharaɗin ka bar masa kayansa.

Game da Jupiter-9, a nan na ɗan saɓa wa masu yabonsa ba tare da sharaɗi ba. Lensi ne mai kyau, milimita 85 da f/2, ganyayyaki 15, kuma yadda yake narkar da baya babu kamarsa a cikin 'yan'uwansa. Amma a f/2 yawancin baƙaƙen masu bakin M42 da suka biyo ta hannuna suna da laushi da wani ɗan haske-haske a gefen abubuwa, sai an kai f/2.8 ko f/4 suke miƙewa, kuma a cikinsu ne na fi ganin bambanci tsakanin wannan da wancan. Ga fuskar da ake son a ɓoye mata ƙuraje wannan laushin ni'ima ne, ga mai son ganin kowane gashin ido kuwa takaici ne. Shi ma yana zuwa da baki iri-iri, M42 da M39 na Zenit da L39 da na kyamarar Kiev, don haka ka tambaya da kyau. A sensarka zai zama kamar milimita 127, wanda a cikin ɗaki bai fi 135 sauƙi da yawa ba. Helios ɗin da ke hannunka ya riga ya tsaya a matsayin da Jupiter-9 ke tsayawa a babbar sensa. Shi kuwa Helios-40-2, mai milimita 85 da f/1.5, wanda juyawarsa ta fi ta kowa, nauyinsa ya kusa kilo ɗaya, ba na ba da shawararsa ga ƙaramar kyamara a matsayin lensi na biyu.

Adaftar L39 da ka saya kada ka yar da ita. Jupiter-8, milimita 50 da f/2, yana hawanta, ƙarami ne ƙwarai kuma mara nauyi, sai dai ba ya matsowa ƙasa da mita ɗaya. Ka tabbata na murɗawa ne, domin na Kiev ba shi da zaren fokas a jikinsa, yana dogara ne da na kyamara. Wanda nake gargaɗinka a kansa shi ne Jupiter-12 mai milimita 35: gilashinsa na baya ya fito waje sosai kamar ƙwai, a kyamarori da dama masu ƙaramar sensa yana dukan bangon ciki kafin ya zauna, kuma na ga wanda ya ƙarje gilashin da kyamarar a lokaci ɗaya saboda ya matsa da ƙarfi.

Tsohon Mai Hoto:

Injiniya ya faɗi gaskiya a kan Jupiter-9, ko da yake ni ina ƙaunarsa da laushin nasa, kuma da shi na ɗauki hotunan da na fi alfahari da su a zamanin fim. Amma tunda ka ce a ɗaki kake aiki, ɗana, abin da ka rasa faɗi ne, ba tsawo ba. A nan Mir-1 ke shigowa, milimita 37 da f/2.8, wanda aka gina a kan tsarin lensin Flektogon na Zeiss, kuma ya samu babbar lambar yabo a baje kolin duniya na Brussels a 1958, har ana rubuta hakan a jikin na farkon. A kyamararka zai zama kamar milimita 55, wato kusan yadda ido ke gani. Na baya mai suna Mir-1B, ƙirar Vologda, bakinsa M42 ne kai tsaye. Ka sani cewa ba ya matsowa ƙasa da santimita 70, kusurwoyinsa suna da laushi a f/2.8, kuma idan taga tana gabansa yana cika hoto da da'irorin haske, waɗanda masu bidiyo ke nema da gangan, masu hoton iyali kuma ke ƙi. Idan faɗi na gaske kake so, irin na ɗaukar ɗaki gaba ɗaya, to a wannan fagen tsofaffin lensi ba su da abin ba ƙaramar sensa, lensin zamani da ya zo da kyamararka ya fi su.

Na manta ban gaya maka ba a kan Nikon ɗinka: masana'antar Arsenal ta yi lensi masu bakin Nikon F don kyamarorin Kiev-17 da Kiev-19, irin su Helios-81N mai milimita 50 da f/2, da Mir-24N mai 35, da Kaleinar-5N mai 100. Harafin ƙarshen a rubutun Rashanci yana kama da H. Waɗannan suna hawa ba tare da adafta ba kuma suna kama nesa, sai dai ƙananan samfuran Nikon ba sa auna haske da su, sai ka saita komai da hannu.

Ɗalibin Hoto:

Malamaina, zoben ya iso, kuma lensin ya buɗe ido. Hoton farko da na ɗauka na ƙanwata ne a bakin taga a f/2, kuma sai da na ɗauki takwas kafin ɗaya ya zauna a kan idonta, sauran duk a kan hanci ko kunne fokas ya faɗa. Daga baya na gano cewa alamar launin da kyamara ke nunawa a kan abin da ya yi kaifi ba ta isa ba a f/2, sai na riƙa faɗaɗa hoton a allon kallo ina duba gashin ido kafin in danna, daga nan aka fara samun biyu cikin uku. Zobban ƙofar sun rikita ni a ranar farko, domin lambar da nake gani ba ita ce ke nuna inda ƙofar take ba, sai da na leƙa ta gaba ina juyawa na fahimci aikin kowanne.

Yaya, maganarki ta tabbata, juyawar tana nan a ƙarƙashin bishiya da yamma amma a hankali take, kuma na ga hakan ya fi yi mini kyau a fuska. Nesa mai nisa yana ɗan gaza kaifi a f/2 kamar yadda Baba ya faɗa, a f/8 kuma ya daidaita. Injiniya, zan kai shi a sauya masa giris, ba zan taɓa shi da kaina ba. Na yanke shawarar in cika watan da Baba ya ce, ina rubuta duk lokacin da na ji bango ya tare ni ina son ja da baya, da duk lokacin da na ji abu ya yi mini nisa. A kwana biyar ɗin nan bango ya tare ni sau shida, nisa kuwa sau ɗaya, don haka da alama Mir-1B ne zai biyo baya. Idan akwai wanda ya gwada shi a ƙaramar sensa cikin ɗaki da hasken taga kawai, ina roƙon ya sanya mana hoto ɗaya a f/2.8 da wani a f/4, in ga yadda gefunan suke kafin in nema.